Yadda Ake Canza Filtar Mai a Babur ɗin Matarka Ba Tare da an Ɓata Tsakar Gida Ba

Ka kwantar da hankalinka, ka faɗo hannun gwani. In ka bi abin da zan faɗa maka daki-daki, za ka cire tsohuwar filta, ka sa sabuwa, ka miƙe tsaf da farar rigarka kamar mai shirin zuwa ɗaurin aure, ko tururuwa ba za ta san an juye mai a gidan ba. Wannan alkawari ne, ba cika baki ba. Ni dai tun da aka haife ni ban taɓa riƙe sifana ba, saboda haka ban taɓa zubar da ɗigon baƙin mai ko ɗaya ba, kuma a duk Wagadugu babu bakaniken da zai dafa ƙirji ya faɗi haka.

Ilimin na same shi ta hanyar da ta fi kowace inganci, wato zama a kujera da kofin shayi ana kallon wani yana wahala. Wanin shi ne maƙwabcina Kudbi Tapsoba, wanda ƙofar ɗakinsa ke kallon tawa a gidan hayarmu na unguwar Tampui. Aikinsa buga hatimi a wani ofishi cikin gari, kuma mutumin da ya daɗe yana buga hatimi yakan fara jin cewa duk abin da ya ɗora wa hannu ya tabbata. Da shi zan riƙa ba ka misali. Inda ya yi daidai, ka bi shi. Inda ya kauce, ba sai na faɗa maka ba, za ka ji ihu.

1. Ka tabbata babur ɗin ba naka ba ne

Wannan shi ne tushe. Mai gyaran abin hawansa ba ya jin tsoron kowa, kuma tsoro ne uwar tsafta.

Babur ɗin Kudbi ɓarayi sun ɗauke shi bara a ƙofar gidan makoki, yana ciki yana yi wa mutane nasiha a kan haƙuri da rashi. Wanda yake hawa yanzu na matarsa Sibdu ne, jan babur mai sheƙi, ta saya da adashinta na sayar da kayan miya. Da sassafe takan je kasuwa ta yi sari, ta dawo ta miƙa masa makulli, shi kuma ya tafi ofis yana ɗaga wa mutane hannu kamar shi ya saya. Ban da wannan babur, abin da ya rage masa a duniya shi ne keken marigayi babansa, wanda komai na jikinsa yana ƙara sai ƙararrawar.

Ran Asabar da safe Sibdu ta ce masa, "Baban Nongma, man nan ya yi baƙi. Ka kai wa masu gyara su juye, su canza har da filta."

"In kai wa waɗannan? Su dame miki sirdi da hannunsu, su malale mai a jikin inji? Ni zan yi, a nan, ki gani da idonki."

"Kai?"

"Ni ɗin. Meye a ciki? Noti uku ne da murfi."

"Wancan watan ma ka ce meye a cikin famfo."

"Famfo daban, inji daban."

"Haka ne, famfo ruwa ya yi mana." Ta ɗaga makullin sama kamar mai nuna wa kare nama. "Ka ga zaren saƙar Gwaggo? Ɗigo ɗaya ya taɓa shi, na rantse da kabarin babana, makullin nan ba za ka ƙara riƙe shi ba. Ka koma kan kekenka." Sai ta juyo gare ni. "Malam, kai ne shaida."

Na ɗaga mata kofina. In ba a yi maka irin wannan rantsuwa ba, kada ka fara aikin, don ba za ka mai da hankali ba.

2. Ka zaɓi wurin da ake ganinka

Gidan namu na Gwaggo Poko ne, yayar mahaifin Sibdu, tsohuwar da ba ta ɗaga murya domin ba ta taɓa bukata ba. Masaƙiya ce. A wannan makon ta ja farin zare tun daga masaƙarta da ke gindin katanga har bakin ƙofar gida, inda dutse ke danne da ƙarshensa, ya raba tsakar gidan biyu. Zanen auren ƙanwar Sibdu take saƙawa. Kaji ma sun san ba a tsallaka zaren nan, zagayawa suke yi.

Wurin aiki biyu ne. Akwai waje, bakin titi, inda in mai ya zuba taɓon damina zai shanye shi, babu mai tambaya. Akwai kuma gindin mangwaro, cikin inuwa, kusa da zaren har kana iya miƙa ƙafa ka taɓa shi.

Masu ƙaramin buri waje suke fita. Kai ka zaɓi mangwaro. Gwanintar da ba a gani ba asara ce, kuma me ya kai ka wannan wahala in ba don matarka da gwaggonta su gane irin mutumin da Allah ya ba su ba? Ka ɗora babur a kan ƙafarsa ta tsakiya ya tsaya cak. Sannan ka juya shi yadda ɓangaren da murfin filta yake zai kalli 'yan kallo. Kudbi ya yi haka. 'Yan kallon suna bayan zaren.

3. Ka tara kayan aiki, amma ba daga madafa ba

Kana bukatar sifana, kwali mai faɗi, tsumma, mazurari, leda, sabon mai, da sabuwar filta a cikin ɗan kwalinta. Ka duba kwalin da kyau, akwai wani siririn zoben roba a ciki. Ka riƙe shi a ranka.

Kana kuma bukatar abin tarar tsohon mai. A nan ne maza da yawa ke rasa aurensu tun ba a kwance noti ba. Kwanon da yake jingine a bayan randa, wanda ya lotse, wanda ka tabbata an daina amfani da shi, ba a daina ba. Na uwarta ne. Duk kwanon da ya lotse a gidan nan na uwar wata ne.

Kudbi, a faɗi gaskiya, ya tsallake wannan rami. Ya yanka tsohuwar jarka a kwance ya yi kasko. Ya kuma tsaga gorar ruwa ta roba gida biyu a tsaye, ya sami ɗan kwararo da zai sa a ƙarƙashin murfin filta, don man da zai fito ya bi ta kai ya sauka cikin jarka maimakon ya bi jikin inji. Ya ɗaga kwararon ya nuna wa gida.

"Kun ga wannan? Masu gyara ba su san shi ba."

Gwaggo Poko ba ta ɗago ba. Ƙoshiyarta ta ci gaba da kai da kawo.

Batun tufafi kuwa, ka sa fari. Mai tsohuwar riga ya riga ya yarda zai ɓaci.

4. Ka ɗumama inji, ka juye mai

Ka tayar da babur ya ɗan yi ɗumi, don mai mai sanyi ragon gaske ne, ba ya son fita. Kada ka bari ya yi zafi. Salansa ba ta san miji ba, ba ta san baƙo ba, duk wanda ya kai mata ƙauri sai ta buga masa nata hatimin.

Ka kashe. Ka shimfiɗa kwali, ka tura jarka ƙasa, ka sassauta murfin sama inda ake zuba mai don iska ta shiga. Sai ka kwance notin ƙasa. Ga sirrin: in ya fara sakin jiki, ka ajiye sifana, ka ci gaba da yatsu kana danna shi sama, har ka ji ya zo ƙarshe, sannan ka fizge hannunka gefe da sauri kamar wanda ya taɓa kunama. Man ba ya sauka a miƙe, tsalle yake fara yi gaba, saboda haka jarkar ta ɗan zarce ramin. In ya rage ƙarfi sai ka jawo ta baya.

Kudbi ya yi duk wannan babu kuskure. Na so ƙwarai ya yi kuskure, don shayina ya fara sanyi, amma man ya sauka cikin jarka baƙi wuluk, lafiya lau, kwalin ko tabo babu. Sibdu, wadda ke tsince wake a tire, ta ɗan leƙo ta ce, "Hm."

Ka yi hattara da wannan "hm". A bakin matar aure lambar yabo ce, kuma ita ce ke hau wa namiji kai.

5. Ka buɗe murfin filta a hankali

Ka mai da notin ƙasa ka ɗaure. Ka sa kwararonka. Notin murfin guda uku ka riƙa sassauta su bi da bi, kada ka cire ɗaya gaba ɗaya ka bar 'yan'uwansa, domin a bayan murfin akwai ɗan sifirin da ya daɗe a tsare yana neman hanyar gudu. Ka danne murfin da babban yatsa, ka bar man da ke ciki ya tsiyaye ta kwararo. Ka zaro tsohuwar filta, ka lura da fuskar da take kallon ciki, ka jefa ta a leda ka ƙulle. Ka ɓamɓare tsohon zoben roba daga bakin murfi. Za ka ga ya daskare, ya baje, ya gaji da duniya. Aikinsa ya ƙare. Sabon ne zai hana mai fita in inji ya tashi.

Kudbi ya goge komai tas. Ya ɗauko sabon zoben, ya ɗora shi a kan sirdi, a fili, inda ba zai ɓata ba.

6. Kada ka ajiye ƙaramin abu inda Samo zai gani

Littattafan masu ƙera babur ba su ambaci wannan mataki ba, don a ƙasashensu ba su da Samo. Allah ya hutar da su.

Mu a gidanmu muna da ɗaya, Drabo, tsohon mai raba wasiƙu da ya yi ritaya, yana ɗakin ƙarshe kusa da makewayi, inda ya dace da shi. Mu ƙabilar Mosi da su ƙabilar Samo abokan wasa ne tun kakanni. Kowa ya san bayinmu ne, su kuma saboda burkutu ta taɓa musu ƙwaƙwalwa suna yawo suna cewa mu ne nasu. Samo zai zage ka a gaban surukanka, ya ɗauke naman da ke kwanonka, ya shiga kabarin babanka ranar jana'iza ya ce ba za a rufe ba sai an sallame shi, kuma ba ka da ikon yin fushi. In ka yi fushi kai ne abin dariya har jikokinka.

Drabo ya fito yana saƙace haƙori, ya tsaya a kan Kudbi.

"A'a! Wa ya ba bawana izinin taɓa ƙarfe? Sibdu, 'yata, ba ki san ɗan Mosi jaki kaɗai ya iya gyarawa ba?"

"Matsa min daga haske, maci kare," in ji Kudbi. "Manya na aiki."

"Manya! Ɗan Mosi ko shi kaɗai aka rufe a ɗaki sai ya naɗa kansa sarkin ɗakin. Yau kuma sarkin jarka muka samu." Ya miƙa hannu kan sirdi, ya ɗauki zoben, ya zura a ɗan yatsansa, ya ɗaga yana juyawa. "Kai, ka ga ya yi min daidai. Ashe ka san ubangidanka na son ado."

"Drabo, ajiye."

"Abin da bawa ya mallaka na wa ne?"

"Ajiye, na ce. Zan saya maka wake da mai, ka ci ka ji yadda 'ya'yan sarauta ke ji."

"Wakenku ya ishe ku, ku da kuke hana unguwa barci. Ni ba na son komai naka. Magana ɗaya ce. Ka miƙe, ka cire hularka, ka ce Samo ne ubangidan Mosi. Gwaggo ta ji, Malam ya ji. Shi ke nan, ka karɓi zobenka."

Har ƙoshiyar Gwaggo ta ɗan tsaya.

Sibdu ta ce, "Baban Nongma, faɗi mana ka karɓa. Baki ne kawai."

"Ni? Jikan mahaya dawaki? A gaban mata?"

7. Ka kare mutuncin kakanninka

Yanzu hanya uku ce a gabanka, ka auna da kyau.

Ta farko, ka faɗi maganar. Ba za ta ɗauke ka tsawon atishawa ba. Amma kafin azahar Drabo ya kai ta wurin mai shayi, kafin magariba ta isa ƙauyenku, a kuma riƙa tuna maka ita a kowane suna da kowace jana'iza.

Ta biyu, ka taka zuwa bakin titi ka sayo wani zoben. Amma babur a buɗe yake, dole ka tafi a ƙasa ko a keke, Drabo yana bin ka a baya yana shela cewa ya aiki bawansa.

Ta uku, ka tuna cewa tsohon zoben yana nan a kan kwali.

Mai ƙaramar zuciya zai ɗauki ta farko, mai haƙuri ta biyu. Kudbi ɗan asali ne. Ya ɗauki tsohon zoben, ya goge shi da tsumma, ya shafa masa sabon mai, ya ɗaga shi ga hasken rana kamar mai duban zinariya.

"Lafiyarsa lau. Da ma sabon don ado ne. Riƙe abinka, ka kai wa matarka, ka ce sadakin da ba ka biya ba ne."

Zoben ya ƙi zama a gurbinsa, gefe ɗaya yana tashi. Ya danna shi da farce, ya kifa murfi da sauri kafin ya sake tashi, ya ɗaure noti uku da ƙarfin mai ɗaukar fansa. Ya zuba sabon mai ta mazurari, ya duba sandar awo, ya rufe. Sannan ya miƙe, ya zare kwalin daga ƙarƙashin babur, ya ɗaga shi sama da hannu biyu, ya juya shi gaba da baya.

Gaskiya ɗaya ce, kwalin fes yake. Rigarsa fes. Ƙasar gindin mangwaro kamar an share don baƙi.

"Malam," ya ce, "kai ne shaida."

Na sake ɗaga kofina. Aikin shaida ba shi da wuya in kana da kofi.

8. Ka tayar da inji, ka ba shi wuta

Masana sun ce a tayar a hankali, a bar inji yana numfashi shi kaɗai, a durƙusa a duba bakin murfi ko yana gumi, tsumma a hannu. Wannan shawara ce ga wanda ba a zaga ba. Kai an zage ka, dole unguwa ta ji amsarka.

Kudbi ya buga kik, inji ya tashi. Ya kalli Drabo ido cikin ido, ya murɗa totur har ƙarshe.

Ban san ko ka taɓa ganin yadda ake toshe bakin tiyo da yatsa don ruwa ya yi nisa ba. Sabon mai ne, amma ya ratsa cikin inji ya kwaso duk baƙin da ya tarar, ya sami 'yar kafar da zoben ya bar masa, ya fito siriri, ya yi baka a iska, kyakkyawa, ya tsallake ƙasar da aka kiyaye da wahala, ya sauka a kan zaren Gwaggo. Kudbi bai gani ba, don idonsa na kan Drabo. Ya ƙara murɗawa. Babur ɗin ya girgiza, bakan ya yi tafiya, ya bi zaren a tsawonsa kamar mai neman inda ya rage.

"Kashe! Kashe!" in ji Sibdu. Tiren wake ya kife.

Ya kashe. A cikin shirun ana jin mai yana ɗiga daga zare, ɗis, ɗis.

A irin wannan lokaci za ka ji sha'awar cewa wani abu. Kada ka ce. Kudbi ya ce, "Da omo zai fita."

Gwaggo Poko ta ajiye ƙoshiya. Ta miƙe a hankali, ta bi zaren da ido daga masaƙa har ƙofa. Ba ta kalli Kudbi ba. Ta ce, "Sibdu, ki tambayi mutumin nan ko yana da wani aikin da zai taimaka mana da shi kafin biki." Ta shiga ɗaki ta saki labule.

Sibdu ta miƙe. Ta zare makulli daga jikin babur, ta ƙulle shi a bakin zanenta, ƙulli biyu. Sannan ta shiga lungu ta turo keken, ta jingine shi a ƙofar ɗakinsu, ta ɗora masa tsumma a sirdi.

9. Ka share wurin

Man da ke ƙasa toka da yashi sun ishe shi. Wanda ke kan zare babu abin da ke fitar da shi, sai almakashi. Wanda ke zuciyar tsohuwa kuwa magani ɗaya gare shi, kuma yana ɗakin ƙarshe kusa da makewayi.

Kowa ya san ƙa'ida. In ka ɓata wa babba rai har ya daina amsa gaisuwarka, ba kai za ka ba da haƙuri ba, ba limami ba, ba fadan coci ba. Abokin wasa ne. In Samo ya durƙusa ya roƙi ɗan Mosi, ko kisan kai ne sai an yafe, don ƙin roƙonsa ya fi laifin muni. Gwaggo ta ƙi cin tuwo da rana, ta ƙi amsa sallama. Da la'asar Kudbi ya ja ƙafa zuwa ƙofar Drabo. Na matsar da kujerata don kada ilimi ya wuce ka.

"Drabo."

"Wa ke nan? Ban ji an ce ranka ya daɗe ba."

"Don Allah, bar wasa. Ka yi min magana da Gwaggo. Da Sibdu ma. Ofishinmu yana can ƙetaren gari, ga damina. Ba zan iya keken nan ba, gwiwata."

"Ni ina roƙa wa bayina ne kawai. Kai kuwa jikan mahaya dawaki ne. Ka je dokin ya roƙa maka."

Kudbi ya kalli keken. Keken ya kalle shi. Ya sunkuyar da kai ya yi gunaguni.

"Me? Kunnena ya tsufa a hidimar gwamnati. Kuma da safe farashin tsakar gida ne. Yanzu ya tashi, sai a ƙofar gida."

Haka aka fita. A bakin titi, gaban mai shayi, gaban masu wankin babura, gaban matan da ke dawowa daga niƙa, Kudbi Tapsoba ya cire hularsa ya ce Samo ne ubangidan Mosi. Drabo ya ce wata mota ta wuce, bai ji ba. Ya sake faɗa. Ni a matsayina na ɗan Mosi na rufe idona, amma a matsayina na mai bincike na bar kunnena a buɗe.

Daga nan Drabo ya ɗebi ruwa a ƙwarya, ya je ƙofar Gwaggo, ya durƙusa, ya kwarara a ƙasa.

"Tsohuwar baiwata, fito. Jakina ya shiga gonarki. Na zo biya."

Can labule ya motsa.

"Drabo, kai da ka jawo abin, kai ne kuma mai roƙo?"

"Wa ya fi ni sanin girman laifin? Ki yafe masa. Ba shi da hankali, amma ba shi ya zaɓi ƙabilarsa ba. Zai sayo sabon zare, shi zai yi miki wadari da ƙafarsa, ya yi ta kai da kawo tsakanin turaku har zanen ya isa."

Gwaggo ta yi tsaki mai tsawo, irin wanda ake yi in dariya na neman fita. "Tashi, mashayi, kada ka jiƙa min ƙofa. Na yafe."

Saura Sibdu. Kudbi ya matso, fuskarsa ta fara haske. Drabo ya juya gare ta, har yanzu yana durƙushe.

"'Yata, kada ki bar bawana ya je aiki a keke. Abin kunya ne gare ni, a ce ban iya kula da dukiyata ba."

"Baba Drabo, na rantse fa. Da kabarin babana."

"Ai ban ce ki ba shi makulli ba. Ni mahaukaci ne? Makulli a hannun ɗan Mosi? Ki goya shi a baya, ki kai shi, ki ɗauko shi. Kamar buhun albasa."

Sibdu ta kalli mijinta. Murmushi ya fara daga gefe ɗaya na bakinta.

"Roƙon Samo ba a ƙin sa," ta ce.

Drabo ya zare zoben daga yatsansa ya miƙa. Kudbi ya sake buɗe murfi, ya sa shi, ya ɗaure, ya cika mai, Sibdu ta tayar. Ko gumi murfin bai yi ba. Ka ga dai hanyar tawa tana aiki.

10. Ka koyi zama a baya

Ka zauna a miƙe. Kada ka riƙe ƙugunta, za a ce tsoro kake ji. Kada ka riƙe ƙarfen baya, za a ce kaya ne kai. Ka rungume jakar ofis a ƙirji, ka ɗaure fuska, ka riƙa duba agogo, don masu wucewa su ɗauka babban mutum ne da direbarsa. In kwandon tumatir ne a cinyarka, wannan dabara ba ta aiki, sai ka ja hula ta rufe ido.

A danja, in abokin aikinka ya tsaya kusa da ku, ka riga shi magana, ka ce likita ne ya hana ka tuƙi. Kudbi ya gwada ran Litinin. Sibdu ta juyo ta ce, "Wane likita? Gyara ƙafarka, kana taka min kabeji."

Tsame hannu

Marubucin wannan jagora bai san komai game da babur ba, bai kuma taɓa cewa a saurare shi ba. Duk abin da ya same ka, ko zare, ko aure, ko gwiwa, ko sunan kakanni, kai da wanda ya ba ka sifana. Kada a kawo min ƙara, kada a aiko min da tsohuwa, kada a ce in zo shaida, na daina. Wanda ya ga lalle sai ya kama wani, akwai Samo a kowace unguwa. Ya je ya same shi, amma ya tafi da hularsa a hannu.